Na Bar Gwaggo Tsaye da Sallamarta a Baki

Assalamu alaikum masu karatu. Na san wasunku sun amsa a fili, wasu a zuci, wasu kuma sun ja yatsa sun wuce kamar ba da su nake ba. Ba komai, ban riƙe ku ba. Mutum ɗaya na riƙe a duniya a kan sallama, shekara goma sha ɗaya cur, kuma Asabar ɗin da ta wuce ta faɗo hannuna. Kafin ku fara jera mini wa'azi a ƙasa, ku bari tukuna in gaya muku yadda aka yi.

Ni mai ɗinkin labule ce. Shagona ɗan ƙarami ne, keke biyu, teburin yanka ɗaya, sai bandiran yadi jingine da bango har sun tare rabin haske. Zaman shago ya koya mini karanta mutum tun daga sallamarsa. Wanda ya ja ta har ƙarshe, da rahama da albarka duka, yana murmushi, ragi ya zo nema. Wadda ta dunƙule ta ta jefo ta hanci tana kallon sama, sabon gida mijinta ya gina kuma so take in sani. Wanda kuwa ya faɗo ba sallama, ba sai an gaya mini ba, labulen da na ɗinka masa bai kai ƙasa ba.

A nan na haɗu da Mai Taga. Haka nake kiransa, don tagogin gilashi yake haɗawa a tsallaken titi, shi kuma ya rama da Mai Labule. Ranar farko ya zo da takardar awon wani gida, ya tsaya a bakin shago ya yi sallama. Ni kuwa allura biyar ne a bakina, ina kafa bakin yadi. Na ɗaga masa hannu alamar ya shigo. Bawan Allahn nan ya ƙi motsi. Rana tana dukan ƙeyarsa, gumi ya jiƙe masa wuyan riga, ya sake sallama. Sai da na zare allurorin ɗaya bayan ɗaya na amsa, sannan na ce,

"Malam, ai ƙofar a buɗe take."

"A buɗe take," in ji shi, "amma ba a amsa ba."

Jama'a, saura kaɗan in soke yatsana. Maganar nan na taɓa jin ta sau ɗaya, daga bakin Ummata, ina 'yar shekara goma sha uku.

Lokacin ciwon Abba ya yi tsanani. Yayarsa, wato Gwaggo, ta zo asibiti ta yi wa Umma tas a gaban mutane, wai aikinta ya fi mata ran mijinta, wai ita ta bar shi ya lalace haka. Dama can ba ta taɓa son auren ba. Da aka sallame shi, sai ta sa aka wuce da shi gidanta, wai na sati ɗaya. Kwana uku Umma tana kira ba a ɗagawa. Rana ta huɗu ta yi girki, ta zuba a kula ta miƙa mini, ta sa farin hijabinta na zuwa aiki, muka tafi.

Har yau ina ganin ƙofar nan. Ruwan toka ce, an ɗan sassauta ta, takalma sun kai ƙafa bakwai a bakinta. Talabijin yana yi a ciki. Wani yana juya cokali a kofi. Umma ta yi sallama, sai cokalin ya tsaya. Ta jira. Ta sake yi, wannan karon da ƙarfi, sai aka ƙara sautin talabijin. Ta uku muryarta ta karye a tsakiya, amma sai da ta kai ta ƙarshe. Daga can ciki na ji tarin Abba, na rantse da Allah na ji shi. Umma ta juya.

"Umma, ƙofar fa a buɗe take!"

"A buɗe take, amma ba a amsa ba. Sau uku ne iyaka. Mu je gida."

Washegari da la'asar Abba ya rasu. Ba ta gan shi ba, ban gan shi ba. Ko a zaman ta'aziyya da Umma ta durƙusa ta yi wa Gwaggo sallama, gyara mayafi ta yi ta kalli bango. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar sallama a matsayin gaisuwa kawai ba. Na gane mabuɗi ce, kuma a hannun na ciki take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Umma ba ta daddara ba. Duk inda suka haɗu, gidan rasuwa ne ko layin asibiti, ita ce mai fara yi. In na yi magana ta ce,

"Ni ladata nake tara. Amsa kuma ita za a tambaya, ba ni ba."

Ni dai ban gado wannan haƙurin ba, kuma ban nema ba.

To, shekara ɗaya muna tare da Mai Taga, ya ce zai turo manyansa. Nan matsalar ta taso. Waliyyina Baffa ne, ƙanin Abba, mutumin da ko hula zai saya sai ya ji ta bakin Gwaggo. Ya kira ni a waya yana ta gyaran murya.

"'Yar nan, ba zan zauna in ba da aurenki alhali uwarki da Yaya ba sa ga maciji ba. Mutanen yaron za su ce wane irin dangi ne mu? A fara gyara wannan."

"Baffa, wa ya ɓata da za a ce mu gyara?"

"Kin ga irin bakin naki ko? To ki ci gaba."

Ya kashe. Na jefar da wayar kan teburin yanka har murfinta ya fita.

Mai Taga ne ya ɗauki abin a kansa. Mutumin nan in ya sa abu a gaba, sai ka ce yana auna taga, a hankali, sau biyu, ba gajiya. Ya je wajen Baffa, Baffa ya kai shi wajen Gwaggo. Ya je sau ɗaya, ya je sau biyu, har ya canza mata gilashin ɗakinta da ya tsage. Wata ranar Laraba da yamma ya shigo shago fuskarsa kamar an ba shi kyautar mota, ya ja kujera ya zauna kusa da keke.

"Albishirinki. Ta yarda za ta zo."

"Wa?"

"Gwaggo. Da ƙafarta, har gidanku. Ita za ta fara yi wa Umma sallama."

Na taka keken da ƙarfi har zaren ya tsinke.

"Me ya same ta? Mutuwa ta leƙo?"

"Haba Mai Labule. Ciwon suga ya taɓa mata ido, ɗaya ya tafi, ɗayan za a yi masa aiki wani sati. Ta tsorata. Ta yi kuka a gabana, wallahi."

"Kukan ido ɗaya."

Ya dube ni. Sannan ya ɗauki guntun yadi daga ƙasa yana naɗewa a yatsa, kamar yadda yake yi in zai faɗi abin da ya san ba na son ji.

"Kin san me mutum yake cewa in ya yi sallama? Cewa yake, daga gare ni babu cuta, kuma ina roƙa miki aminci. Ajiye makami ne. Tsohuwar nan shekara goma sha ɗaya tana riƙe da nata, yanzu za ta ajiye a bakin ƙofarku. Abin da ya rage naku ne, ku amsa da irinta ko wadda ta fi ta. Shi ke nan fa. Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ni zan kawo ta. Ki gaya wa Umma."

Na ce to. Har murmushi na yi masa. Ku yafe mini, amma a daidai wannan lokacin wani sanyi ne ya sauka a ƙirjina, irin wanda ban taɓa ji ba. Gwaggo a bakin ƙofarmu, da sallama a bakinta, ni kuma a ciki. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah wannan ranar ba tare da na san siffarta ba.

Matsalata ɗaya ce, Umma. A gida in mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa kowa. Umma kuwa ko mai gyaran famfo ne ya yi sallama a gidan maƙwabta, sai ta amsa daga ɗakin girki. Don haka da na koma gida na same ta tana ninke wanki a falo, na ce,

"Umma, wai Gwaggo za ta zo ranar Asabar. Bayan la'asar."

Zanen gadon da ke hannunta ya zame ƙasa. Ta zauna a hannun kujera, ta rufe fuska da tafukanta, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, abin da ta fara cewa shi ne,

"Kofunanmu duk sun yi tabo. Kuma ba ta shan suga, sai na nemo mata 'ya'yan itace."

"Ki je kasuwa da safe mana. Wajen goma da rabi, ki dawo a tsanake."

Ban ji kunyar ƙaryar nan ba. Abin da na ji haushi ne, ganin yadda take rawar jiki saboda matar da ta hana ta ganin mijinta.

Amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini. Na yi makarantar Islamiyya, na san fara sallama sunna ce, amsawa kuwa wajibi. Ba na son in ɗauki zunubi saboda Gwaggo, ta ci riba biyu ke nan. Sai dabara ta zo mini: in amsa can ƙasan maƙoshi, Allah Ya ji, ita ba ta ji ba. Na ɗauki waya na rubuta wa Mai Taga:

"Tambaya gare ni. In an yi wa mutum sallama ya amsa a hankali, mai sallamar bai ji ba, ya fita?"

Bai fi minti ɗaya ba ya dawo da amsa:

"Yadda aka koya mana, sai mai sallamar ya ji. Don shi ake amsawa ai. Lafiya dai?"

"Wata mai sayen labule ce ta tambaya."

"Ki gaishe ta. Ki ce mata ta ji tsoron Allah."

Har da fuskar dariya ya saka a ƙarshe. Na kife wayar. Na ce a raina, to shi ke nan, a rubuta mini zunubin. Wanda aka rubuta wa Gwaggo ma ai bai kashe ta ba.

Ranar Asabar ban buɗe shago ba. Umma ta share gida sau biyu, ta canza rigunan kujeru, ta kunna turare, ta ɗauki jaka ta fita goma da rabi da 'yan mintuna. Ina jin ƙarar ƙofar waje na tashi na fara nawa shirin. Na sa doguwar rigata mai ruwan ƙwai, wadda nake ajiyewa don fita ta musamman, na ɗaura ɗankwali, na zizara kwalli. Na fito da takalma ƙafa bakwai na jera a bakin ƙofar falo, nawa da na Umma har da silifas ɗin wanka. Na sassauta ƙofar daidai faɗin tafin hannu. Na kunna talabijin. Na haɗa shayin da ba ni da niyyar sha, na sa cokali a ciki, na zauna a kujerar da ke kusa da taga, inda labule yake da ɗan tsagi. Ni na ɗinka labulen, na san inda yake nuna waje ba ya nuna ciki.

Sha ɗaya da minti biyar mota ta tsaya. Mai Taga ya buɗe ƙofar waje, ya riƙo jakar Gwaggo, ya rako ta har tsakar gida, sannan ya koma bakin mota don ya ba mata wuri.

Na yi tsammanin ganin Gwaggon da na sani, doguwa, mai faɗin kafaɗa, wadda in ta shigo ɗaki yara ke miƙewa. Wadda ta shigo ta ranƙwafa, ta rame, mayafinta ruwan ƙasa ya yi mata yawa, da baƙin tabarau da sanda mai ƙafar roba. Tana tafe tana laluben ƙasa da sandar. Wani abu ya so ya motsa a zuciyata, na danne shi. Na tuna kular abincin nan, yadda zafinta ya ƙona mini ciki ta cikin riga a hanyar komawa gida.

Sandarta ta taɓa takalman. Ta tsaya, ta gyara mayafi.

"Assalamu alaikum."

Na ɗauki cokali na fara juya shayi. A hankali, yadda zai dinga bugun gefen kofin. Sai na tsayar.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Daɗi har cikin ƙashina. Na ga kanta ya ɗan karkata, tana saurare. Ta san akwai mutum. Ta jira, ta canza sandar zuwa ɗaya hannun.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah."

Na ɗauki abin sarrafa talabijin na ƙara sauti layi uku. Wayata ta yi haske a kan cinyata, saƙon Mai Taga ne.

"Kina ina? Gwaggo na bakin ƙofa."

Wani saƙon ya biyo baya.

"Ina jin talabijin ɗinku daga nan. Mai Labule, don Allah."

Na uku ya shigo kafin in kife ta.

"Ashe ke ce mai sayen labulen."

Wannan ya sosa ni, amma ban motsa ba. Gwaggo ta ɗaga hannu ta cire tabarau, ta goge fuska da bakin mayafi. Ta gane. Na ga lokacin da ta gane. Sunan mahaifiyarsu ita da Abba aka sa mini, don haka tun ina ƙarama Uwata take kirana. Ta matso da bakinta kusa da tsagin ƙofar.

"Uwata, ke ce ko? Har takalman kin jera."

Na ɗauki kofin shayin na riƙe.

"Ba ki manta komai ba. To bari in cika, kamar yadda uwarki ta cika." Ta ja numfashi. "Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Amsar ta taso mini da kanta, don baki ya saba. Sai da na cije leɓe na haɗiye ta. Na ƙirga a raina har talatin. Gwaggo ta mayar da tabarau, ta juya, ta fara laluben hanya da sanda. Na yi nasara. Na so in yi guɗa, sai ga shayin ya zube mini a kan rigar mai ruwan ƙwai.

Ba ta kai ƙofar waje ba aka turo ta daga can. Umma ce, tana haki, jakar kasuwarta wayam. Ashe ba ta sami mota ba, tana tsaye a bakin babban titi har lokacin, Mai Taga ya kira ta. Yana biye da ita, waya a hannu, fuskarsa ba annuri.

Suka tsaya gaba da gaba a tsakar gida. Umma ta buɗe baki, amma a karon farko cikin shekara goma sha ɗaya Gwaggo ta riga ta.

"Assalamu alaikum, ƙanwata."

Umma ta saki jakar. Ta amsa mata cikakkiya, har ƙarshe, hawaye na bin kumatunta, ta kama hannun Gwaggo da hannu biyu. Ni kuwa ina bayan labule ina cizon yatsa. Haka kawai? Ba tuhuma, ba tambaya, ko ɗan jan aji na minti ɗaya babu?

"Zan koma," in ji Gwaggo. "Na yi uku, ba a amsa ba. Ban ga laifin kowa ba."

Umma ta dubi ƙofar falo. Ta dubi takalman da na jera, ɗaya bayan ɗaya, har silifas ɗin wanka. Ta dubi labulen, daidai tsagin da nake, kamar yadin ba ya nan. Na ɗauka kirana za ta yi, ko ta banko ƙofar ta kwaɗa mini mari. Na shirya wa wannan, har amsoshi na tanada.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta riƙo hannun Gwaggo, ta jawo ta a hankali har bakin ƙofar, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Gidanta ne, ƙofarta ce, mabuɗin yana cikin jakarta. Amma ta tsaya a waje kamar baƙuwa.

"Assalamu alaikum," in ji Umma.

Na gane abin da ta yi mini. In na amsa, ƙofar ta buɗu ga duk wanda ke tsaye a bakinta. In na yi shiru, na zama mutum ta biyu a duniya da ta bar Umma tsaye. Na kashe talabijin. Gidan ya yi tsit, har ina jin bugun agogon bango.

"Assalamu alaikum."

Babu faɗa a muryar, babu roƙo. Na san uwata. In ta yi ta uku ba a amsa ba, wallahi juyawa za ta yi ta bar mini gidan, kuma ban san ranar da za ta sake taka shi ba. Na dubi Gwaggo ta tsagin labule, na ji har yanzu ban yafe ba, ko ƙwayar zarra. Na ji Umma ta ja numfashi.

"Wa alaikumus salam," na ce, da wata murya da ban san tawa ba ce. "Wa rahmatullah."

Umma ba ta ko kalli inda nake ba. Ta tura ƙofar da yatsu biyu, ta kawar da takalman da gefen ƙafa don kada sandar ta sarƙe.

"Kin ji an amsa, Yaya. Bismillah, shigo."

Ƙafar Gwaggo ta tsallako cikin falonmu. Na miƙe da jiƙaƙƙiyar riga, na leƙa ta saman kafaɗarsu. Mai Taga yana tsaye a tsakiyar tsakar gida, jakar Gwaggo a hannunsa, idonsa a cikin nawa. Ya sunkuya ya ajiye jakar kusa da takalman, ya miƙe. Ƙofar a buɗe take, ina tsaye ina jira, amsar tana kan harshena. Bai yi sallama ba.